Anjima Ta Kwanta Dama a Ruwan Ƙafar Baba

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, irin wanda in aka tona ƙasansa ba a rasa haushi, Yaya, babbar 'yar Baba kuma mataimakiyar shugaban makaranta, tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da maƙwabta rasuwar wayarta, wadda duk dangi suka sani da suna Anjima. Marigayiyar ta cika ne bayan gajeriyar jinya, sakamakon nutsewa a cikin robar ruwan ɗumin da Baba yake jiƙa ƙafafunsa. An yi mata duk abin da ake yi wa mara lafiya, amma kwana ya ƙare.

Yaya ta so a rubuta cewa kisa ne, don tana da hujja. An lallashe ta aka bar shi a nutsewa, tunda sanarwa ake yi, ba ƙara aka shigar ba. Duk da haka ta ce ba ta yarda a binne baiwar Allah ba sai jama'a sun ji irin hidimar da ta yi da irin sakayyar da ta samu. Don haka a yi haƙuri da tsawon bayani.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita kyakkyawa ce ba. Akwai tsaga a kusurwar fuskarta tun wata faɗuwa da ta yi a matakalar makaranta, rigarta ta roba kuma ta koɗe har ba a sanin asalin launinta. Ta shigo hannun Yaya ne a shekarar da Mama ta rasu, shekarar da jikin Baba ya fara kawo ƙorafi ɗaya bayan ɗaya: hawan jini, ciwon suga, sai ƙafafu masu kumbura da yamma. Kafin nan a ka Yaya take riƙe komai, abin da kai ya kasa ɗauka kuma ta rubuta a guntun takarda ta manna a jikin firji, iska ta kwashe. Mace ce da a makaranta ita ke tsara wane malami zai shiga wane aji, ba a taɓa samun biyu sun yi karo a ƙofa ba, amma ga maganin uba ɗaya yana neman gagarar ta. Ranar da ta zauna ta zuba rayuwarta kaf a cikin kalandar wayar nan da jerin ayyukanta, ranar ta samu kanta.

Cikin kyawawan halayen marigayiya, na farko ba ta mantuwa, na biyu ba ta jin kunyar kowa. Kullum da safe, kafin shayi ya huce, Yaya takan zauna a bakin gado su yi shawara ita da ita, a raba wa ayyukan yini launi. Ja na abin da in ba a yi shi yau ba wani zai ji a jikinsa: ƙwayoyin Baba, ganin likita, taron malamai, ɗauko yara. Rawaya na abin da zai iya jira zuwa yamma ba a yi asara ba. Kore kuwa na abubuwa ne masu kyau waɗanda ba sa gudu, irin su ɗinkin labulen falo, da ziyarar wata ƙawa da ta haihu, da wani layi da Yaya ta rubuta tun farkon zuwan wayar: "Zama da Baba a yi hira."

Kowane launi da muryarsa. Ja yakan zo da tirrin-tirrin mai tsinka zance, har da gurnani a kan tebur in an yi biris da shi. Rawaya tin-tin yake cewa, cikin ladabi. Kore kuwa ɗan ɗing ne guda, kamar cokali ya taɓa kofi, sannan wani ɗan maɓalli ya fito a ƙasansa yana tambaya ko a sake tunatarwa daga baya. Babu wurin da babban yatsan Yaya ya sani a fuskar marigayiya kamar wannan maɓallin. Yarinyar da ƙawar nan ta haifa yanzu gudu take da ƙafarta, ziyarar tana nan kore shar.

Sunan kuwa Baba ne ya raɗa. Tsohon direban manyan motoci ne, mai labari a baki, wanda in ya ɗauke ka a zance sai ya tsaya da kai a kowane gari. Yaya takan shigo gidansa da saurinta, jaka a kafaɗa, ta duba akwatin magani, ta gwada jini, ta leƙa firji, ta yi wa mai shara faɗa. Da ya gyara murya ya tambaye ta ko ta san shekarar da birki ya tsinke masa a gangare, sai tirrin-tirrin daga cikin jaka, sai Yaya ta ce, "Baba, anjima." Da abin ya yi yawa, in ya ji kukan wayar sai ya riga ta: ga Anjima nan tana kira, a tashi kada ranta ya ɓaci. Yara suka ɗauka, maigidan Yaya ya ɗauka, har mai gadin makaranta. Yaya ta ɗauki abin raha ne, ta ma ji daɗi da wayarta ta yi suna.

Wajibi ne a wannan gaɓar a ambaci Auta, ƙanwar Yaya, ko da yake mai makoki ta roƙi kada sunanta ya fito fiye da kima. Auta mai kitso ce. Sana'arta zama ce da surutu, kuma ta iya duka biyun. Wayarta ba ta san kalanda ba; hotuna ne a ciki da waƙoƙi, rabin yini kuma a mace take don ba caji. Ba ta da ranar zuwa gidan Baba, ba ta da lokacin tafiya. Sai dai kawai a ga ta faɗo, ta yar da mayafi a hannun kujera, ta baje a kan tabarma, ta ce Baba ya labarin birkin nan, alhali ta ji shi har ta haddace. Ta taɓa mance ranar ganin likita ɗungurungum. Ta taɓa ba shi ƙwayar safe da yamma, ta yamma da safe, sai da Yaya ta bar aji ta garzaya da shi asibiti. Abin da Baba ya ce a kan wannan shi ne ai yarinya ce. Yarinyar da ke da 'ya'ya har sun shiga makaranta.

Yaya ba ta ɓoye ba, kuma ba za a ɓoye a nan ba: kishin Auta take ji, kishi mai cin rai. Sau da yawa takan iso ƙofar Baba da leda cike da magani, ta jiyo dariyarsa tun daga waje, irin dariyar nan da ke ƙarewa da tari, sai ta tsaya tana riƙe da mariƙin ƙofa. Da ta shiga dariyar takan lafa, a gyara zama, kamar sufeto ya shigo aji. Auta a bakin Baba Autata ce. Ita kuwa Malama. In Auta ta kawo masa lemo ɗaya da ta tsinta a hanya, sai ya ce na gode, ya ɓare shi nan take. In Yaya ta jera masa maganin mako a akwati mai gida-gida, ta kai shi asibiti ta dawo da shi, sai ya ce an gode, Malama. Wannan "an" ɗin ya daɗe tsaye a wuyan Yaya. Takan koma mota ta zauna, ta ciro marigayiya, ta danna wa aikin alamar an gama, ta ga layi ya ratsa shi. Wannan ɗan layin ne kaɗai ke ce mata sannu, shi ya sa ba ta yarda kowa ya zagi wayar nan a gabanta.

Ana nan sai Baba ya zame a banɗaki. Bai karye ba, amma likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare, dole ya koma hannun ɗaya daga cikin 'ya'yansa. To, nan fa ake yinta. Yaya ta san in Baba ya tare gidan Auta an gama magana: kowa zai san wadda ya zaɓa, ita kuma ta zama mai kawo magani har abada, ta miƙa daga bakin ƙofa a ce an gode. A ranar ta buɗe sabon jeri a cikin marigayiya, ta sa masa suna Ɗakin Baba, ta shafa masa ja daga sama har ƙasa.

Ba a taɓa ganin marigayiya ta yi aiki kamar na wannan lokacin ba. Tirrin-tirrin, mai fenti. Tirrin-tirrin, mai walda ya zo ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. An ɗauke darduma mai santsi, an sauko da gado yadda ƙafa za ta taɓa ƙasa, an sa fitila kusa da matashi, an rataye labule mai tare rana, ba na falo ba, wancan yana nan kore. Aka kawo kujera mai hannu da wurin miƙe ƙafa, wadda sai da Yaya ta zaga shago-shago tana zama tana gwadawa kafin ta zaɓe ta. Da aka gama ta ɗauko Baba ya gani. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin da sandarsa, ya duba nan ya duba can, ya shafa bayan kujerar, ya ce ya yi kyau. Bai ƙara ko kalma ba.

Ita kuwa Auta, ɗakuna biyu gare ta a bayan shagon kitso, ga yara, ga ƙaurin man gashi, ga rediyon maƙwabta. Da aka tambaye ta ina za ta sa Baba, sai ta ce sai a matsa mana. Shirinta ke nan gaba ɗaya. Amma da Yaya ta tambayi Baba wanne ya zaɓa, sai ya ce zai faɗa anjima. Auta ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Yaya ba ta ga abin dariya ba.

Ga yadda ajali ya zo. Wata yamma Yaya ta je jiƙa wa Baba ƙafa, aikin da likita ya sa, kuma ja ne a kalanda. Ta tarar da Auta a baje a tabarma kamar kullum. Ta haɗa ruwan, ta gwada zafinsa, ta durƙusa ta saka ƙafafun a roba, ta ajiye marigayiya a kan hannun kujerar Baba don kada ta jiƙe. Ruwan ya yi wa tsoho daɗi, ya lumshe ido, ya ce yau ba labarin birki zai bayar ba. Wani ne da bai taɓa faɗa wa kowa ba, na ranar da ya ɗauko Mama da jaririya daga asibiti a gaban babbar mota, don ba shi da wata motar. Jaririyar nan Yaya ce. Ya kai daidai inda Mama ta ƙi hawa ke nan, sai tirrin-tirrin: taron iyayen yara a makaranta. Yaya ta miƙe. Ta ce, "Baba, anjima," ta nufi ɗaki ɗauko tawul.

Da ta dawo, marigayiya tana kwance a ƙasan roba tsakanin ƙafafun Baba, fuska a sama, tana haske a cikin ruwa. Ta yi ƙoƙarin kira na ƙarshe, abin da ya fito bul-bul ne kawai, sai ta yi duhu. Auta na zaune dab da robar, hannu a baki. Baba yana kallon silin.

An garzaya da ita gida, aka tuɓe mata riga, aka goge ta, aka binne ta cikin ɗanyar shinkafa kamar yadda masanan cikin dangi suka ba da shawara. Yaya takan je ta tono ta, ta danna, ta kara a kunne, ta mayar. Daga ƙarshe aka kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya hura, ya duba da ɗan madubinsa, ya girgiza kai. Ya yi wa Yaya ta'aziyya, ya kuma kwantar mata da hankali cewa kalanda da jerin ayyuka ba su mutu ba, suna ajiye a asusunta na intanet, duk ranar da ta kunna sabuwar waya za su dawo. Maigidanta bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kawo sabuwa a kwali. Yaya ta ɗora ta kan durowa ta ce ba yanzu ba, gawa ko sanyi ba ta yi ba.

A 'yan kwanakin nan Yaya ta ga tasku. Ta shiga ajin da ba nata ba ta fara darasi. Ta bar yara a makarantarsu har sai da aka kira ubansu. Ta tsaya a tsakiyar kasuwa tana tambayar kanta me ya kawo ta. Hannunta kuma bai daina zuwa jaka ba, yana lalubar abin da babu. Gaisuwar Auta kuwa ta daina amsawa. A ganinta maganar a fili take: wa zai amfana in ta rikice a daidai lokacin da Baba ke zaɓe? Ta aika mata da wannan tambaya ta bakin maigidanta. Auta ta aiko da amsa cewa ba ita ba ce, kuma ba za ta ƙara komai a kai ba.

Abin da ya fi ƙona wa Yaya rai shi ne ta'aziyyar Baba. Ta lambar maigidanta ya kira, ya ce a gaya wa Malama ya ji an rasa Anjima, Allah sarki, ita ce fa ta riƙe shi duk shekarun nan, ba don ita ba da tuni an manta da shi a duniya. Yaya na jin haka ta shige kicin ta rufe ƙofa. Wa ya zauna ya rubuta sunan kowace ƙwaya? Wa ya sa lokutan? Waya ce ke tuƙi zuwa asibiti, ko ita ke bin layi a wurin karɓar magani? Ashe ba Auta kaɗai ta sha gabanta ba, har gawar da ta kwana cikin shinkafa ta fi ta samun yabo. A ranar Yaya ta yi kishi da wayarta, kuma ba ta ji kunyar hakan ba.

Amma fushi bai hana ƙwayoyi rikicewa ba. Ba Anjima, ba mai tunatarwa, sai ga jinin Baba ya hau, domin Auta ta karɓi aikin maganin da kyakkyawar niyya da muguwar mantuwa. A rubuta wannan a cikin alheran marigayiya, don masu cewa ba ta da aiki sai kuka. Yaya ta kwashi takardun likita ta nufi gidan, ta yi sa'a Auta ba ta nan. Ta zauna a ƙasa ta jera ƙwayoyin gida-gida tana dubawa da takarda, ta gwada jini, ta leƙa firji. Da ta gama sai ta tsaya jiran a ce mata ta tafi. Ba abin da ya yi kuka. Ba ta san abin da ke biye ba, don haka ta ɗofana a bakin tabarmar Auta, jaka a cinya, kamar baƙuwa.

Baba ya dube ta, ya dubi jakar. Da ya ga shirun ya yi tsawo, sai ya ɗauko labarin daga inda aka tsinke shi, daga inda Mama ta ƙi hawa mota. Ya ba da shi yana tsayawa a kowane gari kamar yadda ya saba: yadda ya shimfiɗa rigarsa a kujerar gaba, yadda ya tuƙa ƙatuwar mota a hankali har masu keke suna wuce shi, yadda yake satar kallon ɗan kan da ke cikin zane har ya kusa hawa shingen wani. Yaya ba ta taɓa sanin an yi wannan tafiya ba. Da labarin ya ƙare sai ta hau gyara murfin akwatin magani, wanda ba abin da ya same shi.

"Uwata," in ji Baba. Rabon da ya kira ta haka tun tana 'yar makaranta. "Ki daina gaba da ƙanwarki. Ni na ture Anjima da gwiwar hannu, kuma ina sane."

Yaya ta ɗago. "Baba, me ta yi maka? Ita ce fa ka ce ta riƙe ka."

"Ta riƙe ni, ban musa ba. Amma na daɗe ina kishi da ita. Ni in na kira ki, anjima. Ita in ta kira, ko numfashi ba kya gamawa."

Da wani ne ya faɗi haka da ya sha amsa. Shi ma Baban ya ɗan sha, don Yaya ba ta iya haɗiye magana duka ba. Ta tuna masa cewa kalmar nan a bakinsa ta koye ta, yana tsaye a ƙofa da makullin mota, ita tana riƙe da littafin da take so ya gani. Bai musa ba. Ya ce shi ya fara, shi ya sa ya san kalmar ba ta da ranar cika. Sannan ya ce tunda yau ba mai tsinka musu zance, bari ya amsa tambayar ɗaki. Ɗakin ya yi masa, gadon ya yi, ƙarfen banɗakin ma ya jijjiga ya ji ƙarfinsa. Abu ɗaya ya nema bai gani ba.

Yaya ta bi jerin a kanta daga sama har ƙasa, ba ta ga abin da ta tsallake ba. Ta ce ya faɗa, ko mene ne gobe za a kawo.

"Kujera ɗaya na gani," ya ce. "Ke a ina za ki zauna?"

Mai makoki ta roƙi kada a rubuta cewa ta yi kuka. To, ta yi, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar Mama, kuma ba na waya ba ne. Baba bai hana ta ba, ya miƙa mata tawul.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja mai lanƙwasasshen wuya, wadda sai an jingina ta da littafi take aiki, da rigar roba, da abin sauraro mai ji da kunne ɗaya. Layinta an ciro shi da rai, yana cikin ƙoshin lafiya. Ta bar marayu masu yawa, dukkansu kore, cikinsu har da labulen falo. Ta bar magajiya, wato sabuwar nan ta cikin kwali, wadda dole ta sa aka buɗe don ƙwayoyin Baba ba su san makoki ba. Ana kunna ta kalanda ta dawo tsaf, ja da rawaya da kore, kamar ba a yi mutuwa ba, abin da Yaya ta ce rashin kunya ne ƙwarai. Ta kuma bar wanda ya tura ta ruwa, wanda iyali suka yanke shawarar ba za a tuhume shi ba saboda shekarunsa.

An raba gado bisa adalci. Duk jan da ya shafi maganin Baba, Yaya ta haɗa shi da wayar Auta, ta kuma ba ta cajar marigayiya don kada ta kawo uzuri. Yanzu ana tsakiyar kitso sai tirrin-tirrin, Auta ta saki kan mutane ta kira ta ji ko an sha. Yaya ta je har shago ta ba ta haƙurin zargin da ta yi mata, haƙuri gajere, a tsaye. Kwanan baya kuma an ji Auta da bakinta ta ce wa Baba anjima. Wanda ya kawo wa Yaya wannan labari ya ce bai taɓa ganin mai makoki ta yi fara'a haka ba.

Saura layin nan na zama da Baba a yi hira. Yaya ta so ta mayar da shi ja, har ta zaɓa masa lokaci. Baba ya ce shi ba ya son zaman da ƙararrawa ta kawo, don ƙararrawa ce za ta dawo ta ɗauke shi. Sai ta goge shi. A duk tsawon zamanta da kalanda, shi ne aiki na farko da ya fita daga jeri ba ta danna masa an gama ba, kuma ta ce yatsanta har yanzu yana mata ƙaiƙayi.

Kada kowa ya ɗauka komai ya daidaita. Baba ya tare gidan Yaya, amma har yau in Auta ta zo dariyarsa ta fi ƙarfi. Yaya tana jiyowa daga kicin, tana kuma ji a ranta. Ita dai ba ta iya ba da dariya ba, labarin birki kuma har yanzu yana mata tsawo. Sai dai shekaranjiya ta miƙa masa ruwa ya ce na gode, ba "an" a ciki. Ta fita baranda ta daɗe a tsaye.

Za a yi jana'izar marigayiya a gidan Yaya, a ɗakin Baba. Bisa roƙonsa za a sa ta a durowar ƙasa ta gefen gadonsa, inda idonsa zai riƙa kai wa, wai don ya tabbatar ba ta farfaɗo ba. Ba a sa rana ba, ba a sa lokaci ba. An tambayi Baba yaushe, ya ce anjima. Masu zuwa gaisuwa su bar wayoyinsu a kan faranti a bakin ƙofa, an ajiye shi nesa da ruwa, nesa kuma da gwiwar hannun mai ɗakin. Ba a buƙatar kowa ya kawo shinkafa, wadda aka yi jinya da ita tana nan. Duk wanda ya shigo ya zo da shirin jin labari har ƙarshe.

Za a tarar da kujeru biyu a ɗakin. Ɗaya ta Baba ce. Ɗayar kuma, ko an gan ta ba kowa a kai, kada a zauna, da mai ita. Auta tana iya zuwa duk lokacin da ta ga dama, ƙofa a buɗe take, amma ta zo da tabarmarta.